Tasirin Tsufa da Ƙwayar Cutar HIV a kan Garkuwar Jiki ta Asali

1.0 Gabatarwa

A shekarun farko na bayyanar cutar ƙanjamau ba a cika haɗa zancenta da tsufa ba, domin mafi yawan waɗanda suka kamu da ita ba su kai ga furfura ba. Mutum yakan kamu yana kan ganiyar ƙuruciyarsa, bayan shekara takwas zuwa goma jiki ya soma rauni, daga nan sai jinya ta ƙarshe. Al'amarin ya soma sauyawa ne a shekarar 1996, lokacin da aka gabatar da sakamakon haɗa magunguna uku a taron duniya kan ƙanjamau da aka yi a birnin Vancouver na ƙasar Kanada. A yau akwai kimanin mutum miliyan 40 masu ɗauke da ƙwayar HIV a duniya, kuma fiye da miliyan 30 daga cikinsu suna shan magani. A Amurka fiye da rabin waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da ita sun kai shekara 50 ko sun haura. A Nijeriya ma, inda binciken ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ita da kimanin miliyan 1.9, waɗanda suka soma karɓar magani tun da gwamnati ta buɗe shirinta a 2002 yanzu dattawa ne, wasu har da jikoki.

Wannan nasara ta zo da wata sabuwar tambaya. Likitoci sun lura cewa mutanen da magani ya danne musu ƙwayar cutar, har gwaji ba ya ganin ta a jininsu, suna yawan fama da ciwon zuciya da na ƙoda da raunin ƙashi da mantuwa fiye da tsararrakinsu marasa cutar. Waɗannan kuwa cututtuka ne da aka sani da tsofaffi. Neman dalilin haka ya kai masana ga wani ɓangare na garkuwar jiki wanda a da ba a ba shi muhimmanci sosai ba a binciken ƙanjamau, wato garkuwa ta asali. A kansa wannan darasi zai yi bayani.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambanta garkuwa ta asali da garkuwa ta koyo;
(b) kawo manyan ƙwayoyin garkuwa ta asali da aikin kowace;
(c) bayyana sauye-sauyen da tsufa yake kawo musu;
(d) bayyana yadda HIV take illata su ko da ana shan magani;
(e) yin amfani da kalmomin wannan fanni cikin daidaitacciyar Hausa.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Garkuwar Jiki da Rabe-Rabenta

Kafin a shiga bayani ya kamata a rarrabe kalmomi biyu da kan rikita mai karatu. Idan aka ce ƙwayar halitta, ana nufin ɗan mitsitsin tubalin da aka gina jikin mutum da shi. Idan kuwa aka ce ƙwayar cuta, ana nufin baƙuwar halitta da ke shiga jiki ta haddasa ciwo, kamar bakteriya ko bairos.

Garkuwar jiki ita ce tarin gaɓoɓi da ƙwayoyin halitta da sinadarai da ke kare mutum daga ƙwayoyin cuta. Masana sun kasa ta gida biyu. Ta farko ita ce garkuwa ta asali, wadda ake haihuwar mutum da ita. Ba ta jiran a koya mata, tana soma aiki cikin mintoci ko 'yan sa'o'i, kuma tana tunkarar kowace baƙuwar ƙwaya da salo kusan iri ɗaya. Fata da majina da hawaye da miyau da ruwan tsamin ciki duk suna cikinta, haka nan wasu nau'o'i na fararen ƙwayoyin jini. Ta biyu ita ce garkuwa ta koyo, wadda ƙwayoyin T da na B suke ɗauke da ita. Wannan takan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako ɗaya zuwa biyu, kafin ta shirya, amma tana auna ƙwayar cuta guda takamaimai, kuma tana riƙe kamanninta shekara da shekaru. A kanta ne aka gina allurar rigakafi.

Za a iya kwatanta su da tsaron birni a zamanin da. Ganuwa da masu tsaron ƙofa su ne garkuwa ta asali: kullum suna nan, su ne ke fara arba da mahara, su ne kuma ke aika labari fada. Rundunar da sarki yake tarawa bayan labari ya iso ita ce garkuwa ta koyo. Idan masu tsaron ƙofa suka yi barci, ko suka kai labarin da ba daidai ba, ƙarfin runduna ba zai yi amfani a kan lokaci ba.

3.2 Ƙwayoyin Garkuwa ta Asali da Ayyukansu

Tarihin wannan fanni ya faro ne a shekarar 1882 a garin Messina na ƙasar Italiya. Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Élie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin ɗan wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta yake garau ana hango cikinsa. Washegari sai ya tarar wasu ƙwayoyin halitta masu motsi sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya gane cewa akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne haɗiye baƙon abu. An ba shi kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Muhimman ƙwayoyin da aka sani a yau su ne:

(i) Nutrofil. Ita ce mafi yawa, domin takan kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jini. Ɓargo yana samar da kimanin biliyan 100 a kowace rana, saboda rayuwarta gajera ce. Ita ce ke fara isa wurin rauni, ta haɗiye bakteriya ta kashe ta da sinadarai masu ƙuna. Mafi yawan mugunyar da ake gani a ƙurji gawarwakin nutrofil ne.

(ii) Monosayit da makrofaj. Monosayit tana yawo a cikin jini na 'yan kwanaki, sa'an nan ta shige cikin nama ta rikiɗe ta zama makrofaj, wato babbar mai haɗiya. Akwai kuma makrofaj mazauna gaɓoɓi, kamar na huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, waɗanda kan daɗe a raye. Ban da cinye ƙwayoyin cuta, su ne ke kwashe matattun ƙwayoyin halitta, su kuma taimaka wajen warkar da rauni.

(iii) Ƙwayar dandiritik, wato mai rassa. Ralph Steinman ne ya gano ta a 1973 a birnin New York. Aikinta shi ne ta yago wani yanki na ƙwayar cuta ta kai shi kaluluwa, inda take nuna wa ƙwayoyin T. Ita ce gadar da ta haɗa garkuwa ta asali da ta koyo. Wani nau'inta ya ƙware wajen fitar da sinadarin intafiron, wanda ke hana bairos yaɗuwa.

(iv) Ƙwayar NK, wato makashiya ta ɗabi'a. An bayyana ta a 1975. Tana bincikar ƙwayoyin jiki, duk wadda ta ga ta rasa shaidar da lafiyayyun ƙwayoyi suke ɗauke da ita a bayansu, kamar wadda bairos ya shiga ko wadda ta soma zama sankara, sai ta kashe ta.

Waɗannan ƙwayoyi suna gane baƙo ne ta hanyar wasu na'urorin ji da ke jikinsu. Fitattu daga ciki su ne waɗanda ake kira TLR, kuma ɗan Adam yana da iri 10. Misali, TLR4 tana jin wani sinadari mai suna LPS da ke jikin ɓawon wasu bakteriya, TLR7 kuma tana jin ƙwayar gadon bairos irin ta HIV. Binciken da ya fito da wannan tsari ya sa aka ba Bruce Beutler da Jules Hoffmann kyautar Nobel ta 2011 tare da Steinman, wanda ya rasu kwana uku kafin a sanar. Da zarar na'urar ta ji baƙo, ƙwayar takan saki sinadaran saƙo da ake kira saitokin, irin su IL-6 da TNF. Su ne ke haddasa kumburi: wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tasa, ya yi raɗaɗi, wani lokaci kuma jiki duka ya ɗauki zazzaɓi. Kumburi irin wannan alheri ne, muddin zai yi aikinsa ya lafa.

3.3 Abin da Tsufa Yake Yi wa Garkuwa ta Asali

An daɗe da sanin cewa tsufa yana raunana garkuwa ta koyo, domin gaɓar da ke renon ƙwayoyin T, wadda ke bayan ƙashin ƙirji, takan soma shanyewa tun daga ƙuruciya har kitse ya maye gurbin mafi yawanta. Game da garkuwa ta asali kuwa, da farko an zaci ba abin da ke samun ta, saboda idan aka ƙirga ƙwayoyinta a jinin tsoho ba a ganin sun ragu. Daga baya aka gane cewa matsalar ba ta yawa ba ce, ta ingancin aiki ce.

Nutrofil ɗin tsoho tana tafiya da sauri kamar ta yaro, amma ba ta miƙewa kai tsaye zuwa inda cuta take. Masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun nuna cewa takan yi ta karkacewa, kuma a kan hanya tana zubar da sinadaran da ke narkar da nama, ta yi wa lafiyayyen wuri ɓarna. In ta isa, ƙarfin haɗiyarta da na kisanta bai kai na da ba. Ƙwayoyin NK sukan ƙaru da shekaru, amma kowace ɗaya ba ta kisa kamar yadda take yi a jikin matashi. Ƙwayoyin dandiritik masu fitar da intafiron sukan ragu, abin da suke fitarwa ma yakan yi ƙaranci ko ya makara. Makrofaj kuma takan yi nawa wajen kwashe matattun ƙwayoyi, shi ya sa raunin tsoho yake daɗewa bai warke ba. A cikin monosayit, wani rukuni mai ɗauke da alamar CD16, wanda ya fi sauran saurin tayar da kumburi, yakan ƙaru.

Abin mamaki shi ne, duk da wannan rauni, garkuwar tsoho ba kwance take ba. Idan aka auna jininsa lokacin da yake lafiya lau, akan tarar da IL-6 da TNF da CRP sun ɗan ɗara na matasa. Wannan shi ne kumburin ɓoye: ba ya tasawa, ba ya raɗaɗi, amma ba ya lafawa. A shekarar 2000 Claudio Franceschi, wani masani ɗan Italiya, ya ba shi suna da ke nufin kumburin tsufa. Daga cikin abubuwan da ke rura shi akwai tsofaffin ƙwayoyin halitta da suka daina rabuwa amma ba su mutu ba, suna ta fitar da saitokin. Akwai kitsen tumbi. Akwai tarkacen matattun ƙwayoyi da ba a kwashe ba. Akwai bangon hanji da ya soma yoyo. Akwai kuma bairos irin su CMV da ke zaune a jikin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Ke nan tsoho yana tsakanin matsaloli biyu. Garkuwarsa tana a tsaye dare da rana ba tare da maƙiyi ba, sa'an nan idan maƙiyi na gaske ya zo sai martaninta ya gaza. Wannan ne ya sa ciwon huhu yakan kama dattijo ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, sai dai a ga ya rikice ko ya daina cin abinci, iyali su ɗauka tsufa ne kawai har lokaci ya ƙure. Shi ne kuma ɗaya daga dalilan da suka sa annobar korona ta 2020 ta fi yi wa tsofaffi kisa. Sai dai ba kowace al'umma ce take tsufa da salo ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a 2025 ya kwatanta mutanen Italiya da Singafo da ƙabilar Tsimane ta Bolibiya da Orang Asli ta Malesiya, ya gano cewa a waɗannan ƙabilu biyu kumburi ba ya hauhawa da shekaru kamar yadda yake yi a birane. Wannan ya nuna cewa abinci da muhalli da yanayin rayuwa suna da hannu a lamarin.

3.4 Abin da HIV Take Yi wa Garkuwa ta Asali

An fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a watan Yuni na 1981 a Amurka. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur da ke Faris suka ware ƙwayar da ke haddasa ta. A 1986 aka gano nau'i na biyu, HIV-2, a Afirka ta Yamma, kuma a wannan shekara ce Nijeriya ta ba da rahoton mai cutar na farko. Abin da aka fi sani game da HIV shi ne tana kashe ƙwayoyin T masu alamar CD4. Lafiyayyen mutum yana da 500 zuwa 1,500 a ɗigon jinin da ake aunawa, idan suka faɗi ƙasa da 200 sai a ce ya shiga matakin ƙanjamau. To amma ɓarnarta ba ta tsaya nan ba.

Da farko, tana mayar da wasu masu tsaro su zama masu yi mata hidima. Ƙwayar dandiritik takan kama bairos ɗin a wurin da ya shiga ta nufi kaluluwa da shi domin ta kai rahoto, amma da isarta sai ta miƙa shi ga ƙwayoyin CD4 da suka taru a can, waɗanda su ne abincinsa. Makrofaj kuma tana da ƙofofin da HIV take shiga ta cikinsu, wato CD4 da CCR5. Da yake ba ta saurin mutuwa bayan ta kamu, takan zama maɓoya ga bairos ɗin, musamman a ƙwaƙwalwa.

Na biyu, tana da makaman karya kariyar cikin gida. Ƙwayoyin jiki suna da wasu sinadarai da ke daƙile bairos: APOBEC3G, wanda aka gano aikinsa a 2002, yana lalata rubutun gadonsa, tetarin kuma, wanda aka gano a 2008, yana ɗaure sababbin 'ya'yansa kada su fice. HIV tana da sinadarin Vif da ke rusa na farko, da Vpu da ke kawar da na biyu. Wani sinadarinta mai suna Nef yana cire shaidun da ƙwayoyin T suke dubawa daga bayan ƙwayar da ta kamu, amma ya bar waɗanda NK take dubawa, don haka ta kuɓuce wa duka biyun.

Na uku, tana gajiyar da garkuwa da faɗan da ba ya ƙarewa. A makonnin farko jini yakan cika da intafiron da saitokin, abin da ke kawo zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa. A yawancin cututtukan bairos wannan yakan lafa, amma a HIV ba ya lafawa. An sami darasi babba daga wasu birai na Afirka, irin su mangabe na dazuzzukan Afirka ta Yamma, masu ɗauke da SIV, 'yar'uwar HIV. Jininsu cike yake da bairos, amma ba kasafai suke yin ƙanjamau ba. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa su ma suna tayar da intafiron da ƙarfi a farko, amma bayan 'yan makonni sai su kashe wutar. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa tashin garkuwa marar yankewa yana da babban kaso a cikin ɓarnar da ake gani a jikin ɗan Adam.

3.5 Matsayin Hanji

Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu yawa a bangon hanji, domin a nan ne jiki yake maƙwabtaka da dubban biliyoyin bakteriya. HIV tana hallaka mafi yawan ƙwayoyin CD4 na hanji tun a makonnin farko, kafin mutum ya san ya kamu. Daga cikin waɗanda suke salwanta akwai masu kula da lafiyar tantanin hanjin da kiran nutrofil zuwa gare shi. Idan suka tafi sai tantanin ya soma yoyo, gutsattsarin bakteriya irin su LPS su riƙa tsallakawa cikin jini. Jason Brenchley da Daniel Douek da abokan aikinsu ne suka bayyana haka a 2006. Monosayit tana jin LPS ta hanyar TLR4, ba ta kuma da yadda za ta san cewa ba sabon hari ba ne, don haka kullum tana cikin shirin yaƙi. Magani yana danne bairos a jini, amma hanji ba ya komawa yadda yake gaba ɗaya, musamman ga wanda ya makara wajen soma sha.

3.6 Inda Tsufa da HIV Suka Haɗu

Idan aka jera abin da ya gabata za a ga kamanni a fili. A duka halayen biyu akwai hanji mai yoyo, da ƙaruwar monosayit masu CD16, da hauhawar IL-6, da NK masu rauni, da ƙarancin ƙwayoyin da ke fitar da intafiron a jini, da nauyin CMV. A 2012 masu bincike a birnin Melbourne na Ostareliya sun auna monosayit na samari masu HIV suka tarar sun yi kama da na dattawa marasa cutar, kuma wasu daga alamomin ba su gushe ba duk da shan magani. Wasu binciken na 2015 da 2016 da suka auna alamomin shekaru a jikin ƙwayar gado sun nuna cewa jinin mai HIV yakan girmi shekarunsa na haihuwa da kimanin shekara biyar.

Illar wannan ta fi bayyana a jijiyoyin jini. Monosayit da ke a harzuƙe takan manne a bangon jijiya, ta shige ciki, ta haɗiye kitse har ta cika ta mutu a wurin. Da haka dasashi yake taruwa, hanyar jini ta ƙuntace. Tana kuma fitar da sinadarin da ke sa jini saurin daskarewa. Shi ya sa haɗarin bugun zuciya ga mai HIV ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na wanda ba shi da ita. A huhu kuma, makrofaj ce ke fara haɗiye ƙwayar tarin fuka. Idan ta yi rauni, kuma ba ƙwayoyin CD4 da za su zaburar da ita, sai ƙwayar ta hayayyafa a cikinta. Har yanzu tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya.

Masana sun yi saɓani kan yadda za a fassara wannan. Wasu suna ganin HIV tana gaggauta tsufa ne, wato cututtukan su zo da wuri. Wasu kuma suna ganin tana ƙara yawansu ne a kowane mataki na shekaru, ba tare da ta matso da lokacinsu ba. Akwai kuma abubuwan da ke shiga tsakani, kamar shan taba, da ciwon hanta nau'in B da C, da illar tsofaffin magunguna, da talauci. Har wa yau, yawancin binciken farko a kan maza aka yi shi a Turai da Amurka da Ostareliya, alhali mafi yawan masu cutar suna Afirka, mata kuma sun fi yawa a cikinsu, ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tarin fuka da su ma suke tayar da garkuwa.

3.7 Amfanin Wannan Ilimi ga Majinyaci da Al'umma

Manyan gwaje-gwaje uku sun mayar da wannan ilimi abin aiki. Na farko shi ne SMART, wanda aka dakatar a 2006 bayan an ga cewa waɗanda aka riƙa tsayar musu da magani lokaci-lokaci sun fi mutuwa, kuma ba da cututtukan ƙanjamau kaɗai ba, har da na zuciya da ƙoda da hanta. Da aka auna jininsu sai aka ga yawan IL-6 yana tafiya tare da haɗarin mutuwa. Na biyu shi ne START na 2015, wanda ya nuna cewa soma magani nan take ya fi jira, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora duk mai HIV a kan magani ko nawa ne adadin CD4 ɗinsa. Na uku shi ne REPRIEVE na 2023, wanda ya ƙunshi mutum 7,769 masu shekara 40 zuwa 75. An ga cewa wani maganin rage kitsen jini, wanda kuma yake sassauta kumburi, ya rage manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kashi 35 cikin ɗari.

Darasin da ke ciki shi ne a yi gwaji da wuri, a soma magani da wuri, kada kuma a yanke shi don an ji sauƙi. Wanda ya manyanta da cutar yana bukatar a riƙa duba masa hawan jini da sukari da ƙoda, ya bar taba, ya motsa jiki, ya karɓi rigakafin da likita ya ga ya dace. Wata matsala da ta shafi al'umma ita ce makarar gano cutar a jikin dattawa. Rama da kasala da yawan mantuwa akan jingina su ga tsufa, ma'aikacin asibiti kuma yakan ji nauyin ya ce wa sa'an mahaifinsa ya yi gwajin ƙanjamau. Ga shi kuwa wanda ya soma magani da shekaru masu yawa ƙwayoyin CD4 ɗinsa ba sa farfaɗowa da sauri kamar na matashi. Gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ya shafi dattijo mai ƙarin aure da bazawara kamar yadda ya shafi saurayi da budurwa.

4.0 Kammalawa

An ga cewa garkuwa ta asali ita ce ke fara tarar ƙwayar cuta, ita ce kuma ke tayar da garkuwa ta koyo. Tsufa ba ya rage yawan ƙwayoyinta sosai, amma yana rage ingancin aikinsu, ya kuma bar jiki cikin kumburin ɓoye. HIV tana kai jiki ga irin wannan hali ta hanyar ɓuya a cikin makrofaj, da karya kariyar cikin ƙwayoyin halitta, da lalata bangon hanji. Magani yana rage wannan kumburi ƙwarai, ko da yake ba ya kawar da shi duka. Wanda aka gano cutarsa da wuri, ya kuma riƙe magani, yana iya yin tsawon rai kusan daidai da na kowa.

5.0 Auna Fahimta

1. A bambanta garkuwa ta asali da garkuwa ta koyo ta fuskar saurin aiki da riƙe kamannin ƙwayar cuta.
2. A kawo ƙwayoyin garkuwa ta asali guda huɗu tare da aikin kowace.
3. Me ake nufi da kumburin ɓoye? A kawo abubuwa huɗu da ke rura shi a jikin tsoho.
4. A yi bayanin yadda lalacewar bangon hanji take shafar monosayit a jikin mai HIV.
5. Wane darasi aka samu daga biran Afirka masu ɗauke da SIV?

6.0 Jinga

(a) A tsamo kalmomin fannu guda goma daga wannan darasi, a kasa su gida biyu: waɗanda aka aro aka hausantar, da waɗanda aka ƙirƙira daga kalmomin Hausa. A faɗi wace hanya ce ta fi sauƙin fahimta ga ɗalibin sakandare, tare da hujja.

(b) A rubuta jawabin wayar da kai da bai wuce shafi biyu ba, wanda za a karanta a taron dattawan unguwa, kan muhimmancin gwajin HIV ga wanda ya haura shekara 50, cikin harshen da ya dace da girmansu.